Daɓe da Makuba: Shirin Uwargida Kafin Damina

Ga bazara ta kama, ɗorawa ta nuna a gonakin Masanawa da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo. Kowace gida ana ɓarar ta, a ɗebi gari a yi wa yara buɗe-baki, a ajiye kalwa don daddawa. To, uwargida, ina kike kai ɓawon? In kina zubarwa a juji, lalle kina zubar da dukiya, gama shi ne makuba, maganin da iyayenmu suka tsare tsakar gida da shi tun kafin siminti ya shigo ƙasar nan.

Ki sani, ruwan da ya kwanta a tsakar gida ba ya zama banza. Yana bin gindin bango yana ci a hankali, har ran da aka yi mamako a watan Agusta katanga ta zube, wani lokaci a kan masu barci. Sauro kuma a nan yake yin ƙwai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga yadda za ki yi. Da fari ki jiƙa ɓawon ɗorawa a tsohuwar randa, ki bar shi kwana 2 ko 3, har ruwan ya yi ja ya yi duhu. Ku 'yan makaranta, abin da ya rina ruwan nan shi ake kira tanin. Irinsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, shi ne kuma ke ɗaure ƙasa ta ƙi shan ruwa.

Sa'an nan a share tsakar gida, a baje jar ƙasa gauraye da marmara. A nan fa sai ki lura: ƙasar ta ɗan gangara wajen rariya, kada ta gangara wajen ƙofar ɗaki. Daɓen da ba shi da gangare, ko ya yi ƙarfin dutse, tafki ne. A yayyafa ruwa, ki kira maƙwabta gayya, kowa da madaɓinta, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta kwanta. Kāna a yayyafa makuba a sake bugawa. Kashegari a maimaita, jibi ma haka. Kada ki yi gaggawa, kada kuma a taka sai ya bushe. In kin zuba ruwa kin ga ya gangara bai nutse ba, aiki ya yi.

Saura kayan itace da ke kwana a waje. Dirkar rumfa, a ɗan babbake gindinta kafin a kafa, don gara da danshi. Ƙyaure da benci, a goge su a shafa fenti ko baƙin mai, amma sai icen ya bushe sarai, don in an shafa a kan jiƙaƙƙe an kulle ruwa ciki ke nan, sai ya ruɓe daga ciki. Turmi da taɓarya kuwa, kul kika kusantar da baƙin mai gare su, guba ne. Man gyaɗa ya isa, ki kife turmin bisa duwatsu a inuwa.

Soro aikin magina ne, amma tunatarwa taki ce. Ki ce wa maigida ya sa a duba indararo, a toshe tsaga, a yi yaɓe tun hadari bai fara haɗuwa a gabas ba.

Wadda ta sami halin siminti, madalla, amma dokar gangare tana kanta ita ma. Wadda ba ta samu ba kuwa, ga ɗorawa nan Allah ya hore mana kyauta.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare mu da rushewar gini, amin.