Yawunde: Kada a ɗora shaddar mutane a kan sabon keken ɗinki ranar farko

Da zarar azumi ya kama, telolin unguwar Briqueterie da ke Yawunde ba su da lokacin kansu. Nan ce cibiyar Hausawan babban birnin Kamaru, kuma daga maƙwabta irin su Cité Verte da Tsinga ake kawo musu ɗinkin salla. A irin wannan lokaci ne mai shago kan ƙaro keke, a fito da shi daga kwali da safe, kafin azahar an ɗora masa farar shaddar wani. Daga nan asara ke farawa.

Man da ke ƙyalli a jikin sabon keke ba man aiki ba ne. Kamfani ne ke shafa shi don hana tsatsa, domin keke irin Butterfly daga ƙasar Sin yake tasowa, ya yi makonni a kan teku, ya sauka a Duwala mai laima, sannan ya zauna a sito yana jiran mai saye. Man yana da kauri da danƙo, yana riƙe ƙura da ɓurɓushin ƙarfen da ya rage daga ƙira. In aka taka keken a haka, ɓurɓushin na cin sassan da ke motsi, man ya yi baƙi, ya gangaro ta sandar allura ya ɗiga a kan yadi. Irin wannan tabo da wuya ya fita daga farar Getzner, kuma mai kaya ba zai saurari zancen cewa keken sabo ne ba.

Maganin bai kai aikin yini ɗaya ba. A cire allura, a buɗe farantin da ke ƙarƙashinta, a fito da gidan kwarkwaro, wanda ake kira navette da Faransanci. A jiƙa tsumma da kananzir a goge su, haɗe da haƙoran da ke jan yadi da sandar allura. A ɗiga kananzir kaɗan cikin ramukan mai, a juya keken da hannu har ƙazantar ta fito, a goge, a bari ya bushe. Kada kananzir ya taɓa bel, ko mota in keken na lantarki ne.

Sai an gama wannan ake sa mai, wato farin man keke mai ruwa-ruwa, ɗigo ɗaya ko biyu a kowane rami. A nan wasu ke neman sauƙi su ɗauko man gyaɗa ko man ja daga kicin. Kwanakin farko keken zai yi laushi, amma waɗannan mayuka na daskarewa su zama kamar ƙaro, keken ya ƙage. Baƙin man mota kuwa ya yi kauri, ga ɓata kaya.

Keken masana'anta yana da nasa hatsarin. Juki DDL-8700, mai iya ɗinki 5,500 a minti ɗaya, yana shan mai ne daga wani kasko da ke ƙarƙashinsa, kuma kaskon babu mai yake zuwa. Wanda ya kunna shi a bushe zai iya kashe shi a ranar. A zuba mai har ya kai layin sama, a kunna, a leƙa ƙaramin gilashin da ke saman keken a ga man yana fantsama. Kamfanin ya ce a fara gudanar da shi kimanin minti 10 ba a cikakken gudunsa ba.

Gwaji na ƙarshe farin ƙyalle ne. A yi ta ɗinki a kansa har layin zaren ya fito fes. Da dare kuma a bar wani ƙyallen ƙarƙashin allura. In da safe babu ɗigon mai a kansa, ana iya ɗauko shaddar.