Aikin Gayya Dabam, Koyo Cikin Aiki Dabam

Jama'a, a Jangebe da ƙauyukan kewaye mukan ga an fito da 'yan makaranta riƙe da tsintsiya da shebur. Wani uba yakan ce, shi karatu ya tura ɗansa, ba shara ba. Maganarsa abin dubawa ce. Amma aikin nan iri biyu ne.

Na farko aikin gayya ne. Ɗalibai su share kasuwa, ko su yashe kwata kafin damina. Gari ya amfana, kowa ya koma gida. Shirin bautar ƙasa, wanda aka kafa a 1973, yana ware wa matasa rana guda a mako domin irin wannan aiki. Yana da kyau, amma ba darasi ba ne.

Na biyu, aikin yana fitowa daga darasi, ya kuma koma cikin darasi. Ga misali. Malami ya koyar cewa sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai, kuma cizonsa ne ke kawo zazzaɓi. Sai ya fita da yara. Su ƙirga ramukan ruwa a unguwa, su rubuta, su cike su da ƙasa. Bayan mako biyu su koma su duba. A aji malam ya tambaye su: me kuka gani? Me ya sa ruwa ya sake taruwa a wuri kaza? Shebur ɗin ɗaya ne, amma a nan yaro ya yi lissafi, ya yi rubutu, ya yi tunani.

Manyan ɗalibai ma haka suke yi. Masu koyon malanta a Kwalejin Ilimi ta Maru sukan je makarantu su koyar da yara, malamansu su bi su, su ba su maki.

A kula fa: kada a sa yara cikin magudanan ruwan Bakolori da sunan aiki. Irin wannan ruwa yakan ɗauki dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, wato fitsarin jini.

To, in an fita da ɗanka aiki, tambaye shi da yamma: me ka rubuta? Me malam ya tambaye ku bayan kun dawo? In ba amsa, kuma fitar tana cin lokacin aji kullum, je ka ga hedimasta.