Ƙwaƙwalwar da ke Auna wa Mota Mai

Ɗaliban ajin kimiyya sukan yi gardama a kan wane furosesa ya fi sauri, na Intel ko na AMD. Su kuwa direbobin tashar Bagudo da Illo tasu gardamar a kan wace mota ce ba ta shan mai. Abin da yawancinsu ba su lura ba shi ne, zancen nan biyu yana haɗuwa a wuri ɗaya, wato cikin wani ɗan akwati da makanikai ke kira birenbos.

A da, ba kowa ne ya damu da wannan ba. Fetur yana da araha a Nijeriya, har ana tsallakawa da jarkokinsa zuwa Sagbana da sauran garuruwan Jamhuriyar Benin, motocin Beljiyam kuma suna hawowa daga Kwatano. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun daga Janairun 2017. Sa'an nan a ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Daga nan sai kowa ya koma lissafi.

To, yaya mota take shan mai? Inji ba fetur zalla yake ƙonawa ba, sai an gauraya shi da iska. Ma'aunin da ya dace shi ne kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Tsofaffin motoci, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, kafireto ne ke yi musu wannan gauri, makaniki kuma yana saita shi da sukudireba da kunnensa. Motocin baya-bayan nan kuwa nozul ne ke fesa man, furosesan da ke cikin birenbos shi ke gaya masa tsawon lokacin da zai buɗe. Kafin ya ba da umurni sai ya ji daga 'yan rahotonsa: wata na'ura tana auna iskar da ke shiga, wata zafin inji, wata kuma tana jikin salansa tana shinshinar hayaƙi ta ga ko man ya ƙone sosai. Ana wannan lissafi sau da yawa cikin daƙiƙa guda.

Furosesan nan bai kama ƙafar na wayar hannu ba wajen sauri. Ba sauri ake nema gare shi ba, juriya ce: zafin watan Afrilu, ƙurar hunturu da jijjigar hanyar Tsamiya.

In na'urar shinshinar hayaƙi ta mutu, birenbos ya zama makaho, sai ya riƙa zuba mai bisa ƙiyasi, galibi fiye da buƙata. Kusa da ita akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda ake kira indomi. Aikinsa tace gubar hayaƙi, kuma saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, irin su filatinam, akan fasa salansa a kwashe shi kafin mota ta isa hannun mai saye. Direbobi da yawa suna cewa rashin indomi ne ke jawo shan mai. A ganina sun ɗora laifin inda bai fi nauyi ba. Babbar ɓarnar ita ce na'urar shinshinar da akan lalata ko a tsinke wayarta wajen wannan aika-aika.

Ana iya tambayar birenbos abin da ke damunsa. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996, da masu fetur na Turai tun 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. In aka jona mata na'urar bincike sai lambobi su fito. Alal misali, P0420 na nufin indomi ba ya aiki yadda ya kamata.

A nan ne manhajar sata take shigowa. Ta ainihi tana da tsada, ga kuɗin sabuntawa, don haka wasu makanikai suke sayen kwafin da aka fasa wa makulli. Masu kare su suna cewa talaka ba shi da wata hanya. Amma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta haɗa har da manhajar kwamfuta, kuma ko an ajiye doka gefe, akwai haɗari. Karanta lamba ba ya cutar da mota. Rubuta wa birenbos sabon umurni da kwafin jabu kuwa, in aikin ya katse a tsakiya, motar ba za ta ƙara tashi ba sai an gyara akwatin ko an sayo wani. Ga shi kuma yawancin lambobin inji iri ɗaya ne ga Toyota da Honda da Golf, ana karanta su da manhajoji na halal, waɗansu ma kyauta, a wayar hannu.

Saboda haka wanda zai sayi mota, kafin ya ƙirga fulogi huɗu ne ko shida, ya fara murza makulli ba tare da ya tayar da inji ba. Fitilar gargaɗin inji ta kama, in an tayar kuma ta mutu. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don a ɓoye cuta, sai a kira mai na'ura ya duba.