Allakaye: Yaron da ke gadin takalma yayin da 'yan ajinsu ke wasa

A makarantun firamare na ƙauyukan Adar, irin na ƙaramar hukumar Allakaye da ke gundumar Bouza a jihar Tahoua, malamin aji ɗaya ne ke koyar da lissafi da karatu, shi ne kuma ke fitar da yara darasin motsa jiki. To amma idan an fita fili, yaron da shan-inna ya taɓa ko wanda ba ya gani sosai yakan koma gindin bishiya, a bar masa gadin takalman 'yan ajinsu.

A takarda dai, yaron yana da haƙƙi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a shekarar 2008, kuma sashe na 30 na yarjejeniyar ya ambaci wasanni a cikin makaranta ƙarara. Sai dai shigar da yaro aji daban, shigar da shi fili daban.

Masana sun daɗe suna nazarin lamarin. A shekarar 2000, Donna Goodwin da Jane Watkinson sun tattauna da 'yan firamare tara masu naƙasa a Kanada. Yaran sun raba kwanakinsu gida biyu: ranar daɗi ita ce wadda aka dama da su, ranar baƙin ciki kuwa wadda aka ware su ko aka raina iyawarsu. A 2007, Martin Block da Iva Obrusnikova na Amurka suka bi diddigin binciken da aka yi daga 1995 zuwa 2005, suka gano cewa haɗa yaran ba ya rage wa sauran komai idan akwai tallafin da ya dace, amma malamai da dama na kukan ba a horar da su ba.

Dabarun da masanan ke bayarwa ba masu tsada ba ne: a rage faɗin fili, a sassauta dokar wasa, a haɗa yaron da abokin da zai riƙa taimaka masa, a sa ƙararrawa a ƙwallo domin makaho ya bi sauti. Ko a ƙasar Hausa akwai misali, domin a Kano waɗanda shan-inna ya shafa sun daɗe suna buga ƙwallo da hannu a kan allo mai taya.

Adar ƙasa ce ta kokawa da langa, kuma ƙasar 'yan ci-rani da ke aiko kuɗi daga Abidjan, Legas da Libiya. Duk ƙungiyar 'yan gari da za ta tallafa wa makaranta, ya kamata ta tambayi daraktan: yara nawa ne ke zaune idan an fita wasa, kuma me malaminsu ke buƙata domin a tashe su?