Yadda Dajin Hanta Yake Bazuwa

Wani mai saurarenmu daga Roni yana tambaya: yaya dajin hanta yake kama sauran kayan ciki?

To Malam, hanta matattarar jini ce. Ƙarin yakan kutsa manyan jijiyoyinta, jini ya kwashe shi zuwa huhu da ƙashi. Yakan kuma ci maƙwabta, kamar madaciya da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Alamominsa: rama, shawara, ciki ya tara ruwa.

Manyan sabubbansa su ne ƙwayar cutar hanta nau'in B, da gyaɗa ko masara mai hunhuna. A busar da amfani sosai kafin a zuba rumbu. Tun 2004 ake yi wa jarirai rigakafin cutar hantar. A kai su ranar haihuwa. Wanda ya ga alama, ya garzaya Babban Asibitin Kazaure. Allah ya kiyaye.