Jadawalin Yabo da Gyaran Halin Yara a Aji

Tun daga shirin ilmin firamare kyauta na 1976 azuzuwa suka cika, malamai da dama suka dogara ga bulala. Muna ba malaman Talata Mafara da Bakura da Maradun shawarar wata hanya. Malami ya jera sunayen yara a kwali, ya zaɓi hali guda, kamar sammako, ya zana tauraro nan take ga duk wanda ya cika. Tushenta binciken Skinner ne: halin da lada ya biyo bayansa yakan maimaitu. Sai dai Lepper da abokansa sun nuna a 1973 cewa alkawarin lada yakan rage sha'awar aikin da yaro ke so tun farko. Don haka a janye taurarin sannu a hankali, a bar yabon baki.