Marubuci a Cikin Aji: Yadda Makarantun Malbaza Za Su Shirya Masa Zuwa

Ziyarar marubuci a makaranta, wato gayyatar mutumin da ya wallafa littafi ya zo ya zauna da ɗalibai su tattauna a kan abin da ya rubuta, tana da amfani na musamman a gari irin Malbaza, wanda ke kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Birnin Ƙonni ta nufi Maraɗi da Damagaram. Gundumar Malbaza, wadda aka cire daga ta Ƙonni a shekarar 2011, ta shahara da masana'antar siminti da albasar Galmi, saboda haka yaron da ya tashi a cikinta ya san ma'aikacin kamfani da manomin rani da direban babbar mota ido da ido, alhali marubuci a wurinsa suna ne kawai da aka buga a bangon littafi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ganin ba ya haifar da komai sai an yi masa shimfiɗa tun makonni kafin baƙon ya sauka.

Matakin farko shi ne zaɓen marubucin da harshen da za a yi magana da shi. Faransanci ne ya daɗe yana riƙe da ajin boko a Nijar, ko da yake tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da hukumomin ƙasar suka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan ya buɗe wa makaranta ƙofofi biyu, domin tana iya kiran mai rubutu da Faransanci daga Yamai ko Tawa, tana kuma iya neman marubucin Hausa daga cikin gida ko daga tsallaken iyaka, tun da tsakanin Ƙonni da Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Abin lura shi ne littafin ya taɓa duniyar da yaran suka sani. Misali mafi kusa shi ne Sarraounia na marigayi Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, yana ba da labarin sarauniyar Lugu da ta ja daga da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da a cikin watan Mayu na shekarar ta ƙone Birnin Ƙonni ta karkashe jama'arta. Ɗalibin da ya gane cewa ƙasar kakanninsa ta isa a rubuta ta a littafi yakan saurari marubuci da kunnen da ba ya ba wa labarin wata nahiya.

Aiki mafi nauyi shi ne karanta littafin kafin ranar, kuma a nan ne ake cin nasara ko a yi asarar ziyarar baki ɗaya. A makarantar da kwafi biyu ko uku ne za su zagaya aji mai cike da ɗalibai, malami yakan raba su rukuni-rukuni, ya karanta babi da babbar murya, sannan ya zaɓi sakin layi guda ya rubuta a allo da alli, yara su kwafa a littattafansu su tafi da shi gida. Bayan wata ɗaya ana haka, kowane rukuni ya rubuta tambayoyinsa a tace su. Ajin da bai karanta ba yakan tsaya ga tambayar shekarun baƙo da yawan kuɗin da yake samu, amma wanda ya karanta zai so ya ji dalilin da ya sa aka kashe wani tauraro a tsakiyar labari, ko inda marubucin ya samo wata karin magana da suka saba ji a bakin kakanninsu.

Sai batun izini da kuɗi. Daraktan makaranta ne ke rubuta wa sufeton ilimi takarda, a kuma sanar da hukumar gunduma da ta gari da mai gari, musamman idan baƙon zai ƙetaro iyaka. Ɗawainiyar kuwa ta shafi kwamitin tafiyar da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, inda iyaye da malamai ke zama su tsara abin da za a kashe a shekara. Ya kamata a faɗa wa marubuci tun a wasiƙar gayyata wanda zai biya kuɗin mota daga Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 400, da inda zai kwana, da abin da za a ba shi na goro, domin kunyar ambaton kuɗi tun farko ita ce ke jawo ɓacin rai daga baya. Kaso mafi tsoka ya dace ya tafi ga sayen littafin, ba ga hayar rumfa da kujeru ba.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Shekarar karatu tana farawa a Oktoba, saboda haka watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su ne suka fi dacewa, kafin zafin bazara da kan haura digiri 40 ya sa zaman aji ya gagara da rana, kafin kuma 'yan ajin ƙarshe su duƙufa ga shirin jarrabawar BEPC da bakaloriya. Safiya ta fi yamma, kuma a kauce wa ranar kasuwa.

A ranar kanta, aji ɗaya ko biyu na tsawon awa guda ya fi taron dukan makaranta a fili, inda jawaban manyan baƙi kan cinye lokaci. Marubuci ya karanta shafi kaɗan, ya amsa tambayoyi, sannan ya nuna wa yara daftarinsa na farko, mai cike da gogewa da layukan da aka soke da jan biro, don su ga cewa littafi ma sai an gyara shi sau da yawa kamar rubutunsu. Malami ya kula 'yan mata su sami rabonsu na tambaya, domin sau da yawa maza ke riga su ɗaga hannu.

Bayan tafiyar baƙo, ɗalibai su rubuta nasu gajerun labarai a kan abin da ke kewaye da su, a aika masa da waɗanda suka fi kyau, a kuma ajiye kwafin littafin a akwatin makaranta tare da rajistar aro, ta yadda ajin baɗi zai same su ko da ba a sake samun halin gayyatar kowa ba.